Saudat Mai Littattafai da Shekarar Kamen Samari

A unguwar Mardjandafak cikin Njamena, bayan layin mahauta, in ka tambayi gidan Saudat ba kowa zai gane ba. Sai ka ce Am Nasru, wato uwar Nasru a bakin Larabawan unguwa, ko kuma ka ce mai littattafai. Na yi shekaru ina zama a tsakar gidanta bayan la'asar tare da sauran mata, don haka abin da zan faɗa wani da idona na gani, wani daga bakinta na ji.

Kakanta mutumin ƙasar Katsina ne. Ya taso da ƙafa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan yi fawa ya ƙara gaba. A nan aka binne shi. Saudat ta tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a waje, da ɗan Faransancin lakwal, wato makarantar boko. Tana yarinya yaƙi ya ci Njamena, iyayenta suka tsallaka da su kogi cikin kwalekwale suka zauna wajen dangi a Maiduguri. Ba ta cika son ba da labarin tsallakawar nan ba. Abin da kawai ta taɓa gaya mini shi ne uwarta ta toshe mata baki da tafin hannu tun daga wannan gaɓa har waccan. A Maiduguri ne wata 'yar maƙwabta ta koya mata karanta Hausa da rubutun boko, abin da ba a koyarwa a makarantunmu.

Farkon shekarun casa'in aka ɗaura mata aure da Yunus, wani dillalin shanu mai kai garke Najeriya. Mutum ne mai sanyin hali, kuma ya san abin da ke faranta wa matarsa rai. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo mata da littattafan labarai irin na Kano. Matsalar ita ce bai iya karatun boko ba, hoton bango yake dubawa ya zaɓa. Sau da yawa sai ya kawo na biyu da na uku babu na ɗaya, ko ya kawo na ɗaya kaɗai, labari ya tsaya daidai inda aka ɗaga wuƙa.

Mu matan unguwa yawancinmu allo muka yi, ba mu iya bokon ba, sai mu taru ta karanta mana. Ran da ta kai ƙarshen wani littafi marar ci gaba, mata suka tasa ta da tambaya, ta ce mu dawo jibi. Ta sayi kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro da muke ce wa bik, ta rubuta ƙarshen da kanta. Ba ta gaya mana ba sai da muka gama kuka muka share hawaye. Daga nan ta daina jiran Yunus ya yi daidai a zaɓe, ta soma rubuta nata tun daga tushe.

Bayan sallar asuba take rubutu, ta kifa babban tire a cinya ta ɗora kaye a kai, kafin yara su tashi, kafin a kawo naman da take yanyanawa ta shanya don sayarwa. Shi ya sa ba ka samun shafinta da babu ɗigon maiƙo. In yaro ya yi kuka ta ajiye jimla a tsakiya, wani lokaci ba ta komawa kanta sai gobe, ta tarar ta manta abin da mutumin cikin labarin zai faɗa. Ba a taɓa buga mata ko ɗaya ba. Daga hannu zuwa hannu suke yawo, har unguwannin Gardolé da Goudji, su dawo da ƙamshin turaren gidajen da suka kwana.

'Ya'yanta biyu ne, Nasru da ƙanwarsa Zaliha. Nasru sunan mahaifin Yunus ya ci, Nasrullahi, kuma ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa, Abba take ce masa. Yunus ya rasu a 2003 bayan gajeriyar jinya, ya bar ta da su. Nasru ya yi tsawo da wuri, yana ɗan shekara goma sha shida amma in ka hango shi daga baya ka ce magidanci ne. Ƙwallo ce rayuwarsa. Hausarsa rabi Larabci ce, littattafan uwarsa kuwa cewa yake na mata ne, ko taɓawa ba ya yi.

Tun ranar wata Alhamis a 2006 da garin ya wayi gari da ƙarar bindigogi, hankalin mutane bai sake kwanciya sosai ba. Ƙarshen shekarar da ta biyo faɗa ya yi zafi a gabas, sai magana ta soma yawo cewa wasu masu kaki suna bin unguwanni da motoci suna kwasar samari. Babu wanda ya san ko su wane ne, ko wa ya aiko su. Wasu suka ce ji-ta-ji-ta ce. Ana cikin haka Maiturare, maƙwabciyar Saudat mai haɗa turaren wuta, ta aiki ɗanta Mudi sayo gawayi da hantsi. Mudi abokin Nasru ne, tare suke buga ƙwallo. Mai shagon bakin titi ya ce ya ga an jefa shi bayan wata Toyota tare da wasu samari, takalminsa ɗaya ya faɗi. Maiturare ta bi ofis-ofis da takalmin a hannu, ko'ina a ce mata ba su da mai wannan suna.

Ranar Saudat ta sa sakata a ƙofar gida da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa Nasru ba makaranta, ba ƙwallo, ba masallacin bakin titi, sai abin ya lafa. Ya tambaye ta yaushe zai lafa, ta ce ba ta sani ba.

Kwanakin farko ya yi haƙuri don shi ma ya tsorata. Daga baya ya soma zagaye tsakar gida yana dukan bango da ƙwallo har ƙasa na zubowa. In ya ji muryar abokansa a lungu sai ya tsaya cak yana kallon katanga, kuma katangar ba ta fi kafaɗarsa ba. Saudat ta san sakata ba za ta riƙe shi ba. Ba ta iya barin gida zuwa kasuwa, Zaliha take aikawa. Karatun la'asar ma ya tsaya, don duk ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanta ya faɗi. Mu da muke zuwa dubiya sai mu faɗi sunanmu tun daga nesa.

Abin da ta iya shi ta yi. Ta ajiye labarin da take kai na wasu 'yan'uwa mata, ta ɗauko sabon kaye ta fara wani daban, na wani saurayi makiyayi da ɓarayi suka kore masa garke suka shige da shi tsibiran Tafkin Cadi, ya bi su shi kaɗai. Duk abin da Yunus ya taɓa ba ta labari na hanya ta zuba a ciki: yadda shanu ke iyo sai hanci da ƙaho ake gani, sauron tafki, masu kwalekwalen da ba a san ko abokai ne ko 'yan leƙen asiri ba. Ta miƙa wa Nasru shafukan farko, ya ajiye su a kan tabarma ko dubawa bai yi ba. Washegari ta zaunar da Zaliha daidai ƙofar ɗakinsa ta karanta mata da murya sama. Da ta kai inda saurayin ya ji motsi a cikin ciyawa a bayansa, ta rufe kaye ta tashi ta hau yankan nama.

Can sai ga Nasru ya leƙo. Ya ce, "Iya, to sai me ya faru?"

Ta ce, "Ban rubuta ba tukuna. In kana nan gobe ka ji."

Haka suka shiga yi. Kullum da asuba ta rubuta, da hantsi ta karanta, ta tsaya a inda ya fi ciwo. Bayan ɗan lokaci ya ƙosa da jiranta, ya soma ɗaukar kayen da kansa yana haɗa baƙaƙe irin yadda aka koya masa a Faransanci, yana tuntuɓe da masu lanƙwasa, Zaliha na yi masa dariya. Ya kuma soma gardama. Ya ce babu saurayin da zai bar sandarsa a kwalekwale, babu ɓarawon da zai yi barci bai sa mai gadi ba. Wani lokaci ta gyara, wani lokaci ta ce labarinta ne. Ta gaya mini ba ta taɓa rubutu da sauri irin na lokacin ba, kuma ba ta taɓa jin daɗinsa ƙasa da haka ba. Tana rubutu kunnenta na titi. Ta kai ta bambance ƙarar taksi da ta Toyota tun motar ba ta shigo layi ba, in ta ji mai nauyin sai bik ya tsaya a hannunta har ƙarar ta wuce.

Ta shirya masa maɓoya a ɗakin ajiya, bayan buhunan gawayi. Wata rana da azahar mota ta tsaya daidai ƙofarsu, aka buga ƙyaure da ƙarfi. Ta tura shi ciki ta ja buhu ta rufe, ta je ta buɗe ƙofa. Ashe wasu baƙi ne ke neman gidan da ake suna. Nasru ya fito baƙi ƙirin da gawayi, ya ce mata shi ba akuya ba ne da za a riƙa turawa lungu. Ranar bai nemi jin labari ba, ita ma ba ta iya cin abinci ba.

A watan Janairu aka fara gasar ƙwallon Afirka. Gidan kallon unguwa yana can bayan kasuwa, wata rumfar kwano mai janareto, in an ci ƙwallo ihun yana isowa har tsakar gidansu. Ranar da Kamaru za ta buga, Saudat ta shiga wanka bayan la'asar. Ta fito ta tarar da sakata a rufe yadda ta bar ta, turmi a kife jikin katanga, babu Nasru.

Tana ɗaura lafaya za ta bi shi ta ji mutane na gudu a lungu. Wata yarinya ta ce motoci sun zagaye gidan kallo. Saudat ba ta tuna da takalmi ba. Ta isa ta tarar motocin sun tafi, bencina a kife, talabijin na ta yi shi kaɗai, silifas warwatse a ƙasa kamar ƙofar masallaci. Ta durƙusa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta kasa tuna wane iri ɗanta ya sa. Mai gidan kallon yana zaune da fashewar leɓe, ya ce wasu sun tsere ta baya, wasu an tafi da su, shi bai ga fuskar kowa ba. Ta bi lungunan bayan wurin tana leƙa kowane zaure. A nan ne, inji waɗanda suka gan ta, ta riƙa kiran sunansa na yanka da ƙarfi, Nasrullahi, sunan da ba a taɓa ji a bakinta ba.

Maiturare ce ta kamo hannunta ta mai da ita gida, ta zauna kusa da ita. Ni ma na zo na same su haka. Dab da magariba aka yi sallama, mata biyu suka shigo. Ta gaba dattijuwa ce, ba mu san ta ba, ta baya doguwa ce ta rufe fuska da lafaya. Saudat ta ɗauka saƙon mutuwa aka kawo mata, ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna. Sai doguwar ta yaye lafaya, Nasru ne, gwiwarsa na jini.

Dattijuwar ta yi bayani da Larabci. Ta ce tana tankaɗe sai ga yaro ya faɗo mata ta katanga, ta tura shi ƙarƙashin gado, da masu kakin suka leƙo ta ce musu ita da jikokinta mata ne kawai a gidan. Ta jira titi ya yi shiru, ta naɗa masa lafayar 'yarta ta rako shi. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta karɓi lafayarta ta tafi, ta ce ana jiranta da tuwo. Saudat ta neme ta daga baya don godiya, Nasru ya kasa gane gidan.

Ba ta dake shi ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta wanke masa gwiwa ta ɗaure. Da safe ta aika a kira mata Ɗanladi, ƙanen marigayi Yunus, wanda ya gaji sana'ar kai shanu. Yana da garke da zai tashi cikin makon. Ta roƙe shi ya tafi da yaron a matsayin ɗan kora, ya kai shi wajen danginta a Maiduguri. Ɗanladi ya ce hanyar ma ba lafiya ce da ita ba, akwai masu tare hanya a ɓangaren Kamaru, kuma garke kan yi kwanaki a bakin iyaka kafin a ba shi izinin wucewa.

Ta ce, "Na sani. Amma can in abu ya same shi za ka zo ka gaya mini. Dubi Maiturare, wa ya zo ya gaya mata?"

Suka tafi da sassafe, an sa wa Nasru tsohuwar riga da malafa, an ba shi sanda da gora. A zaure ya tambaye ta yadda labarin makiyayin zai ƙare, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ba ta ƙarasa shi ba har yau.

'Yan kwanaki da tafiyarsu, ranar wata Asabar farkon Fabrairu, yaƙi ya shigo cikin gari. Mardjandafak a tsakiya take, don haka komai a kanmu ya riƙa wucewa. Ƙasa na girgiza, jirage masu saukar ungulu na shawagi, hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa. An yanke layin waya. Saudat ta ja Zaliha suka shige ƙarƙashin gado, ta jawo katifa ta tare bakin. Harsashi ya huda kwanon ɗakin ya bar rami, rana na shigowa ta ciki. Yarinyar na ta makyarkyata, sai Saudat ta lalubo wani tsohon littafi cikin na Yunus ta riƙa karanta mata da ƙarfi don ta danne ƙarar waje. Ta ce ba ta san me take karantawa ba, hankalinta na bakin iyaka, ko garken ya wuce ko yana nan a fili babu ko bango. Sai da Zaliha ta taɓa ta ta ce, Iya, shafin nan kin karanta shi ɗazu, kin kuma sake.

Da harbi ya lafa mutane suka yi ɗango zuwa gadar Ngueli za su tsallaka Kusseri ta Kamaru, da katifu a ka da yara a baya. Ni ma da su na tafi. Na biya ta gidanta na ce ta taso, ta ƙi. Ta ce in Ɗanladi ya aiko, nan gidan za a zo, in kuma yaron ya juyo da baya kada ya tarar da ƙofa a rufe. Na roƙe ta ta ba ni Zaliha, yarinyar ta riƙe zanen uwarta ta ƙi saki. Na bar su a layin da ya rage daga su sai tsofaffi da Maiturare, wadda ita ma ba ta zuwa ko'ina saboda Mudi.

Fiye da mako babu labari. Kullum Saudat ta share zaure ta zauna a ciki. Sai wata safiya wani tsohon Bafillace ya yi sallama ya tambayi gidan Am Nasru. Zaliha ce ta fita ta shigo da shi. Ya ce Ɗanladi ne ya aiko shi. Sun tsallaka iyaka ana gobe faɗan zai fara, ya rabu da su a Gamboru ta Najeriya, yaron lafiyarsa ƙalau sai dai ƙafa da ta kumbura don bai saba tafiya ba. Saudat ta sa shi ya maimaita, ta tambaye shi kalar rigar yaron, ya faɗa daidai. Sannan ta tashi ta hura wuta ta dafa masa shayi da nama mafi kyau cikin wanda ta shanya.

Nasru ya zauna Maiduguri ya shiga makaranta. Da damina ta 2009 rikici ya ɓarke a can ma, aka riƙa faɗa a rediyo ana harbin samari a titi. Wannan karon Saudat ba ta jira saƙo ba. Hanya na buɗewa ta bar Zaliha wajena ta hau mota, ta je ta taho da shi da kanta. Ya dawo da ƙasumba da Hausa tatas, ya kama aiki a shagon gyaran waya kusa da kasuwa. Mudi ma ya dawo ƙarshen shekarar, a rame, yana ɗingishi. Bai taɓa gaya wa kowa inda aka kai shi ba, kuma ba ya zama a wurin da ƙofa take bayansa.

Karatun la'asar ya dawo sannu a hankali. Saudat ta daɗe tana maimaita mana tsofaffin labarai kafin ta sake sayen kaye. Maiturare ta taɓa ce mata ta rubuta abin da ya sami 'ya'yansu don kada a manta. Saudat ta ce tana so, amma kayenta yawo suke yi gida-gida, ba ta san hannun da za su faɗa ba, kuma yaran nan biyu a gari suke kwana. Maiturare ta ce gaskiya ne, ba ta sake tayar da maganar ba.

Zuwana na ƙarshe kafin mu ƙaura Goudji, na same ta tana karanta wa mata sabon labari na wata mai sayar da kifi a unguwar Dembe. Ana tsakiyar dariya ta ɗaga kai ta dubi inuwar katanga, ta sa yatsa a layin da ta tsaya, ta ce wa Zaliha ta leƙa bakin titi ta ga ko yayanta ya rufe shago ya taho. Zaliha ta ce ai da sauran rana. Ta ce ta dai je ta duba.